Kuskuren da Malam Sanusi Ya Ajiye Mini

Duk daɗewar da zan yi a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na je Bebeji gyara wa malamina kuskure ba.

Malam Sanusi ne ya jawo ni aikin wata manhaja ta kyauta, irin wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara. Manoman rani aka yi wa ita, tana tuna musu ranar ban ruwa. Duk Asabar yakan tara mu mu huɗu a shagon ƙaninsa (kwamfuta biyu, da fanka mai juyawa in ta ga dama) yana koya mana. Ni burina ɗaya ne, in tura gyara, shi da kansa ya duba ya ce ya yi.

Ran nan ina gida a Kiru ina karanta wani sabon sashe da ya rubuta, ba a ma sake shi ba, sai na ga ya sa mako kwana takwas. Ƙa'idar aikin ita ce ka rubuta kuskure a shafin da kowa ke gani, ka tura gyara. Ni kuwa ɗan gidan tarbiyya, in tona wa malamina asiri a gaban duniya? Na yi gum har sati uku.

Da abin ya ishe ni, na sayi ƙwan zabi na yi sammako gidansa. Na gaishe shi, na gaida iyali, na tambayi gajiya har sau biyu. Sannan na sunkuyar da kai.

"Allah gafarta Malam, ai ko doki mai ƙafa huɗu yana tuntuɓe."

"Kwana takwas ɗin nan?" in ji shi.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Kai na ajiye wa shi da gangan, don ka fara da mai sauƙi. Kullum sai na duba ko ka taɓa. Jiya Rabi ta gyara."

Rabi 'yar Doguwa ce, wadda ta shigo ajin a bayana. Layi biyu ta rubuta, ko sallama babu. Da muka taru Malam ya ba 'yan ajin labari, aka dafa ƙwan a wurin mai shayi (Rabi ta ci uku, ina kallo).

Ba a yi wata biyu ba aka yi wa Malam canjin wurin aiki, ajin ya watse. Daga baya wani gyara daban da na tura ya shiga, amma wani baƙo ne da ban taɓa gani ba ya duba shi. Har yau abin yana min ciwo, kuma ina kewar Asabar ɗin nan ƙwarai.

Yanzu ni ma ina koya wa wasu, ina ajiye musu nasu kuskuren. In na ji shiru, na san ba rashin gani ba ne, ladabi ne. Sai in kira mutum in roƙe shi ya yi wa Allah ya kunyata ni a gaban jama'a.