Sarkin Harsuna a Gaban Majigi

Ba kowane ofis ne Allah ke yi wa baiwa da gwani irin Sarkin Harsuna ba. Harsunan kwamfuta goma sha ɗaya yake ji, in ji shi, kuma ba wanda ya taɓa ƙaryata shi, tunda ba wanda ya taɓa ganin ya rubuta layi biyar a jere. Allo uku ne a teburinsa. Ɗaya baƙi wuluk da koren rubutu yana ta gudu, ɗaya na kallon ƙwallo, na ukun kuwa ko waya ba a jona masa ba. Kwarjini ne aikinsa.

Kamfanin yana haɗa wa ƙananan asibitoci manhajar jera marasa lafiya a layi. Duk wanda aiki ya cije masa, wurin Sarki ake tura shi. Wadda ta fi kowa zuwa ita ce sabuwar ma'aikaciya, uwar 'ya'ya uku da ta bar koyarwa ta kama wannan sana'a, ana ce mata Malama.

"Yallabai, me ya sa a Java sai an rufe layi da waƙafi mai ruwa, a Python kuma ba a sawa?"

Sarki ya kishingiɗa, ya lumshe ido. "Baiwar Allah, ni na wuce matakin waƙafi. Ni tunani nake ginawa. Dawo nan da awa ɗaya, in kaina ya sauko."

Bayan awa ɗaya amsa za ta zubo kamar hadda. In ta ƙara tambaya a kai, sai wata awar.

Da ya gaji, ya shiga wurin Shugabar kamfanin ya ba da shawarar a sallami Malama ƙarshen wata, wai tambayoyinta na zubar wa kamfani da mutunci.

Ana haka likitoci suka zo ganin manhajar. Aka kunna majigi, sunaye suka hau bango, sai ga shi mara lafiya na farko ya ɓace daga jerin. Aka sake, ya sake ɓacewa.

"Sarki, zo ka duba mana," in ji Shugaba.

Ya taso yana gyara wuyan riga. "Ku kwantar da hankali. Irin wannan ina gyara shi da harsuna huɗu, ku zaɓi ɗaya."

Ya jona kwamfutarsa da majigin. Ya ƙura wa aikin ido har gumi ya keto masa. Can hannu ya bi inda ya saba, ya taɓa akwatin bincike na intanet. Duk abin da ya nema a makon ya zubo a bango, da manyan haruffa: yadda ake maimaita umarni a Python; bambancin alamar daidai guda ɗaya da guda biyu; shin Java da JavaScript abu ɗaya ne; yadda ake magana kamar babban injiniya.

Wata likita ta sa tabarau don ta karanta da kyau.

"Bincike nake yi a kan matsalolin ƙananan ma'aikata," in ji Sarki.

Malama ta ce daga bayan ɗaki, "Yallabai, jerin daga sifili yake fara ƙirge, an sa shi ya fara daga ɗaya. Layi na tara."

Shugaba ta dube shi. "Matsa mata kujerar. Kai kuma riƙe wayar majigin, tana rawa."

Ya riƙe wayar awa ɗaya da rabi. Duk ofis sun shaida, ba ta motsa ba ko sau ɗaya.