Barmo da Tarin Yaya Tabawa

Barmo ba shi da kowa sai yayarsa Tabawa mai ƙosai, wadda ta rene shi. Mutum ne da in ka ce ya tsaya, sai ka dawo baɗi ka tarar da shi tsaye. Da tari ya ƙi sakin Tabawa, likita a birni ya gano ƙari a huhunta, dab da zuciya da manyan jijiyoyin jini. Ya ce yanka akwai haɗari, sai dai a zura siririyar allura mai zafi ta ƙone ƙarin daga ciki.

Wata rana likita ya ce, "A raba ta da hayaƙi." Barmo ya ɗauki bokiti ya bi unguwa yana kashe murhu. Mai tsire ya biyo shi da wuƙa. Barmo ya ce, "Yanka ni! Amma wutar nan ba ta tashi."

Wata rana kuma aka ce, "Gobe da safe kada a ci komai, za a yi aiki." Barmo ya tare ƙofar ɗakin marasa lafiya, ya ƙwace kunun masu jinya, har da shayin maigadi. Aka yi ta zaginsa, ko a jikinsa.

Aiki ya yi kyau. Da za a sallame su likita ya ce, "In ta yi tari, ka kira ni." Suna bakin ƙofar asibiti, Kawu Shekarau da ya zo ɗaukarsu ya riga ya tsayar da mota, sai Tabawa ta yi ɗan tari guda.

Kawu ya ce, "Kai dalla, ƙura ce! Shiga mu tafi."

"Kawu, tari ne ko ba tari ba?"

Tabawa ta ce, "Barmo, kada ka kunyata ni."

Ina! Barmo ya zare makullin motar ya ruga. Ya sami likita da cokali a hannu, ya janyo shi ta hannun riga har bakin titi, kowa na dariya. Likita ya ɗora abin awo a ƙirjin Tabawa, dariyarsa ta ɗauke. Ashe iska ce ke zurarewa ta inda allura ta bi, tana danne huhun. Nan take aka mayar da ita ciki aka sa roba aka zuƙe. Da sun hau hanyar ƙauye, sai dai wani labarin.

Barmo kuwa ya dubi likita ya ce, "Je ka ƙarasa shinkafarka da sauri. In ta sake yi, zan dawo."