Ranar da Na Miƙe wa Alin Ƙafa

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na kai wa ɗiyata Balkisu saƙo makarantarsu a Kalgo. Kemistiri take karantawa, ni kuwa iyakata ajin yaƙi da jahilci.

Da ta zo hutu Gwandu ta haɗa wani abu da sabulun salo da tsinken tsintsiya: baƙaƙen dunƙule uku a jere, tsinke bibbiyu tsakaninsu, kowane ƙarshe da ƙafafu biyu masu farin kai. Wai siffar wani sinadari ne mai suna alin, kuma da shi za ta yi bayani a ba ta maki. Sai ta manta shi a gida. Ranar bayanin ta bugo waya tana kuka, na sa shi a kwano na shiga mota.

A hanya na buɗe. Ƙafafun gefe ɗaya a kwance, na ɗayan a tsaye. Na ce wayyo, gargada ta murɗe shi! (Ni ko zanen gado na gani a karkace ba na iya wucewa.) Na lallaɓa na juya su duka suka kwanta sumul, har na shafe da yawu.

Na tarar tana tsaye gaban aji. Malaminsu ya ce in shigo. Na miƙa kwanon, na ce da ƙarfi, ni da ba a jin muryata, "Ya karkace a mota, amma na gyara."

Balkisu ta leƙa. "Inna, mi kinka yi?"

Malamin ya ɗaga shi sama. "Mama, ai karkatar ita ce darasin. Kabon na tsakiya, wato dunƙulen nan, ya riƙe na dama da tsinke biyu, na hagu da biyu, dole gefe ɗaya ya kwanta ɗayan ya tsaya."

Ajin ya kwashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Inna ta yi ɗori!" Na ja mayafi har hanci.

Malamin ya ce Balkisu ta faɗi abin da ya ɓaci ta mayar. Ta faɗa ta mayar, ta tsira da makinta. Ni ko ruwan da ta kawo mini ban iya sha ba.

Yanzu ko takalmi na gani a kife a ɗakinta, sai na tambaya ko darasi ne.