Yadda Za Ka Ɗaure Kamfani Da Soket Ɗin Falonka

Kai da ke tashi kullum kana neman ƙafar safa ɗaya, ka tsaya bakin titi kana hamma kana jiran mota, matso kusa. Na san ka gaji da ofis, amma ba ka gaji da albashi ba. To, ka zo gidan sauƙi. In dai kai ne mai kula da kwamfutocin kamfaninku, bi matakan nan yadda na jera su, ni kuma na yi maka alkawarin za ka daina fita aiki. Ban taɓa ganin wanda ya bi su bai samu zaman gida ba.

Mataki na ɗaya: San halin maigadi

Kamfaninku ya kwashe bayanansa ya kai kwamfutocin haya can wata uwa duniya, abin da ake cewa kilawud. A bakin wurin akwai katangar tsaro, wato fayawol. Ɗauke ta a matsayin maigadi mai taurin kai, wanda bai san fuska ba, bai san murya ba, adireshi kawai ya sani. Duk gida ko ofis da ya hau intanet yana da lambar da duniya ke ganinsa da ita, ita ce adireshin IP. Ma'aikata suna da ƙofarsu, bar musu abarsu. Kai ƙaramar ƙofar baya kake so, wadda ta nan ake shiga a ba maigadin umarni. Rubuta masa cewa kada ya buɗe ta sai ga adireshin gidanka, sannan ka goge na ofis.

Mataki na biyu: Kashe bakin Injiniya

Kowane kamfani yana da Injiniya guda, mace mai gilashi da ke karanta takardu har ƙarshe. A taro za ta ɗaga hannu. Za ta ce adireshi iri biyu ne, na dindindin da na aro, kuma na gidanka aro ne, da zarar na'urar wayfay ta mutu ta dawo, sai a ba ka wani. Za ta ce ƙofar umarni tana buƙatar adireshi na dindindin, kuma ba ɗaya ba, saboda tsaro ba don tsoro ba.

Kada ka yi musu da ita, gaskiya ta faɗa. Juya ka dubi Oga, ka rage murya ka ce, "Ranka ya daɗe, ƙofa biyu, ɓarawo biyu."

Wannan ba karin magana ba ce, ni na ƙirƙiro ta, amma Oga zai gyaɗa kai kamar a bakin kakarsa ya fara jin ta. In ka ƙara da ambaton 'yan kutse, an rufe taro.

Mataki na uku: Yi fuskar tausayi

Washegari shiga ofishin Oga kana sosa ƙeya. Gaya masa abin ya dame ka ƙwarai, domin yanzu dole ka riƙa aiki daga gida, ka rabu da abokan aiki da kake ƙauna. Zai dafa kafaɗarka ya ce ka yi haƙuri. Kar ka yi dariya sai ka sauka daga bene.

Mataki na huɗu: Tsare soket

Nan aikin yake. Tunda adireshin na aro ne, ran kamfani yana rataye da wannan 'yar na'urar mai ƙyafta fitila a bayan talabijin. Kada ta mutu. Sayo mata batir mai soket guda, ko an ɗauke wuta ita tana nan. Naɗe wayar wutarta da salatif. Tara yara ka gaya musu duk wanda ya taɓa ta, kai da shi ne.

Uwargida za ta tambaya me ya sa ba za a matsar da teburin a share bayansa ba. Ce mata sirrin aiki ne. Za ta ce ita ba ta taɓa ganin kamfanin da ke zaune cikin yanar gizo-gizo da ɓawon lemo ba. Kai dai ka durƙusa ka ƙara naɗa salatif.

Tafiya kuma ka manta da ita. In abokinka ya yi aure a wani gari, aika masa saƙon murya.

Mataki na biyar: Miƙe ƙafa

Ci karenka babu babbaka. Riga mai kwala a sama, gajeren wando a ƙasa, kofin shayi a gefe. In Injiniya ta tuna maka da batun adireshin dindindin, ce mata yana cikin tsarin wata mai zuwa.

Mataki na shida: Tarbi surukarka

Mahaifiyar matarka za ta zo hutu, da jakunkuna da wayarta mai cin caji. Ja uwargida gefe ka roƙe ta ta sanar da Mama dokar soket. Za ta ce dokarka ce, kai ka faɗa. Sai ka durƙusa gaban Mama, ka tambayi hanya, ka tambayi mutanen gida da ciwon gwiwa, ka yi ta kewaye-kewaye har ka iso kan cewa kayan lantarki na zamani sai a hankali. Za ta ce gaskiya ne, Allah ya yi maka albarka. Tashi ka tafi da yaƙinin ta gane.

Mataki na bakwai: Amsa waya

Rannan da hantsi za a ɗauke wuta. Kana wanka Oga zai kira, ya ce yau ake buɗe sabon reshe, manyan baƙi sun zauna, kwamfutocin can sun kasa shiga, maza ka gaya wa maigadin ya san da su. Ce masa minti biyu.

Fito da kumfa a kunne. Za ka tarar fitilar ba ta ƙyaftawa, salatif a ƙasa, wayar Mama kuma tana kwance a kan batir tana shan caji.

"Soket ɗin nan kaɗai na samu da wuta," za ta ce. "Wani abu ne a jiki yana ta sha a banza, na cire maka shi."

Share kumfar kunnenka. Ce, "Kin kyauta, Mama." Sannan ka tsaya kana murmushi, domin ba a cire wayar suruka cajinta yana kashi tara cikin ɗari.

In ta cika, mayar da na'urar. Za ta tashi da sabon adireshi. Ƙwanƙwasa ƙofar umarni, maigadi zai ce bai san ka ba. Ba zai buɗe wa Injiniya ba, ba zai buɗe wa Oga ba, kai ka koya masa, kuma ya koyu. Wayarka za ta yi ta ruri. Wannan karon ba sai ka yi fuskar tausayi da gangan ba.

Hattara

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a fushin Oga, ko kallon da Injiniya za ta yi maka ta saman gilashi, ko dariyar uwargida ranar da za ta janye teburin ta share bayansa. Kada a kawo mini ƙara. Zaman gida na yi maka alkawari, kuma daga ranar Litinin babu wanda zai ƙara nemanka a ofis.