Ranar da Dattawa Uku Suka Tura Tattabara

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe duk sauran abin da ke kaina, da ranar da na sa dattawa uku turin mota cikin manyan riguna, ni kuwa ina zaune a ciki ina ɗaga wa mutane hannu. Kowa a Damilu yana ba da labarin nan, har waɗanda ba a gabansu aka yi ba, don haka gara ku ji shi daga bakin mai laifin.

Ni dai bokona aji uku ne. Daga nan malaminmu ya kira babana ya ce kada a ci gaba da wahalar da allo. Sai na kama sayar da kayan famfo a kasuwar Jimeta, na tsufa a cikin bututu da tiyo. Da na bar wa ƙanena shagon, sai Allah ya haɗa ni da wata tsohuwar a-kori-kura. Wani mutumin Mubi ne ya gudo da iyalinsa a cikinta lokacin da gari ya rikice, ta kawo su Jimeta lafiya, ta tsaya a bakin titi ta ce ita ma ta gaji. Na gan ta, ta shiga raina. Na saya.

Na yi mata fenti mai ruwan toka da ɗan shuɗi, na sa mata suna Tattabara. Na sa labule mai geza a gilashin baya. Na ƙara madubai biyu a kan nata biyu (har yau ban san abin da nake kallo a cikinsu ba). A bodin baya na ɗaure tsofaffin kujerun falonmu, na kafa musu rumfa da bututun ruwa. Kullum bayan la'asar nakan shiga in zauna, in riƙe sitiyari, tana tsaye a ƙarƙashin mangwaro, in yi tafiyata. Na je Mubi na dawo ya fi a ƙirga. Na hau duwatsun Mambila, hazo yana shafa gilashi, shanu suna matsa mini. Duk ban bar ƙofar gida ba.

Abu biyu ne ban gaya wa mutane ba. Na farko, Tattabara ba ta da kik, abin da ke tayar da inji in an murɗa makulli. Ya mutu tun a hannun mai ita na farko, kuma duk lokacin da na yi niyyar sayen wani sai in ga wani abin ado ya fi shi kyau. Ƙofar gidana gangare ce, in na saki birki ta gangara, na saki kuloci, sai ta tashi. In na fita kuwa ba na kashe ta sai a kan tudu. Na san duk wani gangare da ke tsakanin Damilu da Demsawo kamar yadda na san ɗakina.

Na biyu, a shekarun nan ana ta raɗe-raɗin cewa 'yan bindigar da ke daji a-kori-kura suke so. Sai na tsorata za a sace mini ita. Na ɗauko ƙaramin kan famfo na tagulla, irin na durom, na yanka tiyon mai na haɗa shi a ƙarƙashin kujerata. In na kashe mota sai in sa hannun hagu in murɗe shi, mai ya daina zuwa inji. Na yi haka har hannun ya koya, ba ya ma shawara da ni. Matata Dudu kaɗai ta sani. Ranar da na nuna mata ta dube ni ta ce, "Malam, wanda ya saci wannan ai da kansa zai dawo da ita, ya haɗa maka da ban haƙuri."

To, ɗana Sa'idu, malamin makaranta ne, ya kai talatin, ya ga wata yarinya a Damare, 'yar wani manomin rani da ake kira Malam Hamidu. Shekara biyu yana bin maganar nan. Malam Hamidu mutum ne mai tsauri, an ce akwai wani mai neman ma, kuma ya aiko cewa manyan Sa'idu su zo ranar Asabar kafin la'asar, ranar zai yanke magana. Wanda bai iya cika lokaci ba, in ji shi, ba zai iya riƙe mace ba.

Da safen ranar Sa'idu ya durƙusa a gabana.

"Baba, don Allah a nemi wata motar."

"Me Tattabara ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba, Baba. Abin da za ta yi nake tsoro."

Na ce masa ya je ya yi harkar allonsa, ya bar harkar ƙarfe ga masu ita. (Ku riƙe wannan maganar, za ta dawo ta same ni.) Gaskiyar ita ce na kwana bakwai ina ganin kaina ina shiga Damare, yara suna bin mota da gudu, surukai suna fitowa suna tambaya wane babban mutum ne wannan.

Mu huɗu ne. Yayana Hamma Usmanu, mai ciwon gwiwa. Modibbo, limamin unguwarmu, wanda ko sallama yake yi sai ka ji kamar ka yi laifi. Sai maƙwabcina Ticha Bitrus, mutumin Numan, tsohon hedimasta, wanda ya koyar da Sa'idu kuma ya ce ko ba a gayyace shi ba sai ya je. Hamma da Modibbo suka shiga gaba, Ticha ya hau kujerar falo a baya, ya rungume ƙwaryar goro da alewa, ya harɗe kamar gwamna. Na saki birki, muka gangara, ta tashi. Babu wanda ya lura ban murɗa makulli har ƙarshe ba.

Muka hau gada. Ƙarshen damina ne, Binuwai ya cika ya batse, ruwa yana ƙyalli, kwale-kwale ɗaya can nesa kamar an ajiye shi an manta. Iska tana kaɗa labulena. Wallahi a lokacin da za a ce in zaɓi tsakanin Tattabara da jirgin sama, ba zan ko waiwaya ba.

Muna sauka gada sai ga shingen sojoji. A lokacin dokar ita ce kowa ya sauka, a kashe mota, a buɗe gaba da baya. Na san da haka. Kowa ya san da haka. Amma a cikin tafiye-tafiyen da nake yi ƙarƙashin mangwaro babu shinge ko ɗaya, shi ya sa ban shirya masa ba.

Wani soja dogo ya leƙo. "Baba, kashe mota. Kowa sauka."

"Ofisa, ai tana hutawa ne haka, ba ta damun kowa."

"Baba, kashe."

Na dubi hanya. Shimfiɗe take kamar tabarma, babu gangare ko na tsawon takalmi. Na kashe. Hannun hagu kuma ya sauka ƙasa ya yi aikinsa, ni ban ma sani ba.

Suka duba, suka yi dariyar kujerun falo, Ticha ya ba su goro, suka ce mu tafi. Muka shiga. Na murɗa makulli. Shiru. Na sake murɗawa da fuskar mamaki, kamar yau na fara jin wannan shirun.

"Lafiya?" in ji Modibbo.

"Allah gafarta Malam, ɗan turi kaɗan take so. Taku uku kawai."

Hamma ya dube ni irin kallon da yake mini tun muna yara. Amma motoci sun taru a bayanmu, sojan yana nuna mana gaba da hannu, la'asar kuma tana matsowa. Suka sauka. Modibbo ya naɗe hannun babbar rigarsa a kafaɗa, Hamma ya cire hula ya sa a aljihu, Ticha ya ajiye goro. Suka tura, na saki kuloci, ta yi tari, ta tashi! Ɗan man da ya rage a kafireta ne. Ta yi tafiyar jifa ɗaya ta sake mutuwa.

"Kun gani? Saura ƙiris!" na ce musu ta taga. "A ƙara!"

Suka ƙara. Na saki kuloci, ta yi tsalle, ba ta tashi ba. Suka ƙara. Sau biyar, sau shida. Daga nan na ce bari in bar ta ta ɗauki gudu sosai kafin in saki, sai na taka kuloci na riƙe.

A nan ne shaiɗan ya same ni. Ku fahimce ni, tun da na sayi Tattabara ban taɓa jin tana tafiya babu ƙara ba. Salansarta a fashe take, ƙofofinta suna kaɗawa. Amma yanzu ga ta tana tafiya sumul, babu hayaƙi, babu rawar jiki, sai ƙarar taya a kan yashi kamar ana tankaɗe gari. Gonakin shinkafa kore shar a dama da hagu. Balbelu suka tashi tare, suka bi ta saman bonet. Irin tafiyar da nake yi ƙarƙashin mangwaro ke nan, sak, sai dai yau itatuwa suna wucewa da gaske. Na ɗora gwiwar hannu a taga. Na ga duwatsun Mubi sun matso, hanya ta buɗe, babu shinge, babu mai gudu da kaya a ka, kowa ya koma gidansa. Wasu mata masu tallan nono suka tsaya suna kallo, na ɗaga musu hannu. Na danna ham sau biyu. Har waƙa na fara a hankali.

Ban san tsawon lokacin ba. Ticha ya ce ya ƙirga turakun wuta goma sha ɗaya kafin idonsa ya daina gani sosai.

Abin da ya farkar da ni, mota ta tsaya, kuma wani mutum siriri mai farin gemu yana riƙe da keke a gefen tagata. Na duba madubaina huɗu, kowanne ya nuna mini abu ɗaya: Hamma zaune a ƙasa yana riƙe da gwiwa, Ticha ya kifa kai a bodi, Modibbo kuwa rawaninsa ya warware, rigarsa ta jiƙe sharkaf, yana numfashi kamar zugazugi.

"Modibbo, ku ne haka?" in ji mai keken. "Na ga shiru, na ce bari in duba hanya, zamanin nan ba a zama a jira."

Malam Hamidu ne. Uban yarinya.

Ya yi mini sallama a taƙaice. Ya ce in buɗe bonet. Mutumin da ya shekara ashirin yana fama da injin ban ruwa, bai ɗauki minti biyu ba. Ya zare tiyo daga kafireta, ya duba, ya shinshina. A bushe. Ya bi tiyon da hannu, ya bi, ya durƙusa, ya zagayo, har ya zo ƙofata.

"Alhaji, ɗan ɗaga ƙafarka."

Kafin in ɗaga na tuna. Na so ƙasa ta buɗe, ko sojan nan ya zo ya kama ni da kowane laifi.

Ya leƙa ƙarƙashin kujera, ya daɗe yana kallo. Sannan ya kira su, "Bismillah, ku zo ku gani." Dattawa uku suka taso da kyar, suka sunkuya. Ga kan famfo na tagulla yana ƙyalli (kullum ina goge shi), a rufe gam.

"Wa ya sa wannan?" in ji Hamma.

"Ni ne, Hamma. Saboda ɓarayi."

"Wa ya rufe?"

Na dubi hannuna na hagu. Shi ma bai ce komai ba.

Ticha ya ce, "Ni ham ɗin nan ne ba zan yafe ba. Muna mutuwa a baya, kana yi wa masu nono ham."

Modibbo ya buɗe baki, ya rufe, ya yi istigfari sau uku. Na tabbata abin da ya haɗiye ba ya cikin littafi.

Malam Hamidu ya murɗa famfon, ya ɗora kekensa a baya, ya ce wa dattawan su hau kujerun falo su huta. Sannan ya shiga mazaunina ya riƙe sitiyarina, ya leƙo ya ce, "Alhaji, taku uku kawai."

Ni kaɗai na tura. Mutum huɗu da keke da ƙwaryar goro. Sai da mai ya cika tiyo kafin ta tashi, kuma ina zargin bai yi saurin sakin kuloci ba, don na ji Ticha yana ce masa, "A hankali, Malam, ba sauri muke ba." Haka na shiga Damare, a guje a bayan motata, takalmi ɗaya a hannu. Yara kuwa sun bi mu da gudu, kamar yadda na yi mafarki.

La'asar ta riga ta wuce. Muka yi salla, aka shimfiɗa tabarma, Hamma ya gabatar da abin da ya kawo mu da muryar da ba ta gama dawowa ba. Ni kaina a ƙasa, ina tunanin fuskar Sa'idu da abin da zan ce masa. Shekara biyu na yaron nan, na rufe su da hannun hagu.

Malam Hamidu ya gyara zama, ya dube ni. Sannan ya ce, "Na ce wanda ya makara ba zan ba shi ba. Amma Sa'idu bai makara ba, ubansa ne. Kuma yau na ga abin da yaron nan yake haƙuri da shi shekara talatin, bai taɓa kawo mini ƙara ba. Wanda ya iya wannan zai iya zama da 'yata. Na ba shi."

Aka shafa fatiha. Modibbo ya ja addu'ar nan ya daɗe, kuma da ya zo wajen roƙa wa masu raunin hankali sauƙi, kowa ya ce amin yana kallona.

Yanzu 'ya'yansu uku. Gari ya lafa, an ɗauke shingen, Tattabara tana da kik sabo (Sa'idu mai harkar allo ne ya kawo, ya ajiye a kan kujera). Famfon yana nan, don har yau ban yarda da ɓarayi ba. Ina nan ina tafiyata ƙarƙashin mangwaro bayan la'asar. Abu ɗaya ne ya canza: duk lokacin da na ji rayuwa tana tafiya da ni sumul, babu ƙara babu jijjiga, ba na ɗaga wa kowa hannu sai na fara duba madubi na ga su wa ke turi.