Wainar Mutum Arba'in

Nazifi da bakinsa yake ba da labarin nan, yana yi yana dafe goshi. Kwana uku kacal ya yi yana kallon bidiyo a waya kan irin dandalin nan da ake haɗa manhaja ba tare da an rubuta ko layi ɗaya na yaren kwamfuta ba, jawo akwati kawai ka ajiye, ka sa masa launi. A rana ta huɗu ya soma amsa sunan Injiniya. Burinsa ya samu ɗan kasuwa ɗaya a Funtua da zai karɓi aikinsa, don ya riƙa nuna wa saura. Da ya duba gabas ya duba yamma bai ga wanda zai saurare shi ba, sai ya faɗa wa Gwaggo Kulu mai waina, ƙanwar mahaifinsa.

Tsakanin azahar da la'asar ya haɗa mata manhajar karɓar oda. To, shafin ya fito fayau ba kowa, abin ya yi masa kama da shagon da ba a shiga. Don haka ya zauna ya ƙirƙiro masu saye har arba'in, da Alhaji wane da Hajiya wance, har da Farfesa guda, kowa da farantin waina da miyar taushe. Wajen adireshi kuwa ƙiwa ta kama shi, ya bar na gidansa a kan kowa. Ya sa mata a waya, ya ce duk sunan da ta gani a ciki mai saye ne, ya tafi yana taƙama. Maganar cewa waɗannan na gwaji ne, sam bai tuna ba.

Washegari da hantsi adaidaita ta tsaya a ƙofar gidansa. Gwaggo ta sauko da kuloli shida, idonta ja wur saboda hayaƙin tanda.

«Injiniya, Allah ya yi maka albarka! Shekara ashirin ina suya, ban taɓa ganin ciniki irin wannan ba. Ina baƙin naka? Fara kira mini Farfesa, kar tasa ta huce.»

Nazifi ya matso kusa da ita, ya rage murya.

«Gwaggo, ai... mutanen nan babu su. Ni na ƙirƙiro su, don a ga yadda abin zai yi aiki.»

«Dukkansu?»

«Har Farfesan. Ai amfanin abin ke nan, Gwaggo, a gwada cikin sauri ba wahala.»

Gwaggo ta dube shi, ta dubi kulolin. Ta shimfiɗa tabarma a zaure, ta buɗe kula ta farko, ta tura gabansa.

«To wanke hannu, ɗan nan. Kai da ka haifi mutum arba'in a yini ɗaya ba naƙuda, zauna ka ci musu.»