Ƙaguwar da ta Riƙe Zoben Magajin Igwa

Duk wanda ya zo tsibirin Watulesi ya koma bai ga Bapa Muhdar ba, to jiri da aman teku kawai ya sha a banza. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwa iri-iri: ga tumbi, ga murya, ga farar kwat mai maɓallai ruwan zinariya wadda ya dawo da ita daga birnin Ambon bayan ya yi ritaya daga babban aikin gwamnati. 'Yan hassada sun ce aikin nasa buga hatimi ne a jikin buhunan kanumfari a tashar jiragen ruwa. Shi kuwa ya ce da hatimin nan aka riƙe gabashin ƙasar gaba ɗaya, kuma ba a taɓa samun wanda ya musa masa a gaban idonsa ba, domin in yana magana yakan ɗaga yatsarsa mai zobe, zoben da dutsensa ya kai ƙwan zabo, ya yi ta kaɗa shi a hancin mutum har mutum ya gaji ya yarda.

A ƙarshen tsibirin, inda ƙasa ta miƙe ta shiga teku, nan Tanjung Sorat yake. Baƙin dutse ne tsaye, igiyar ruwa na dukan gindinsa tun kafin a san mutum. Samansa fari fat da tsuntsayen teku da kashinsu, ƙasansa ga ɗan yashi inda kunkurun ruwa ke fitowa su binne ƙwai, bayansa kuma kurmin kwakwa inda manyan ƙaguwoyi ke hawa bishiya kamar masu gida. Can a kan dutsen akwai wata tsohuwar igwa, rabinta a ƙasa, bakinta na kallon teku. Tsofaffi sun ce mutanen Holan ne suka bar ta lokacin da suke rabon kanumfarin da ba nasu ba. Wasu sun ce daga wani jirgi da ya fashe aka jawo ta. Duk wannan kafin Bapa Muhdar ya dawo gida ne, ya gyara wa tarihi zama.

"Kakan kakana," yakan ce, yana kaɗa zobe, "shi kaɗai ya hau jirgin Turawan nan da adda a baki. Ya watsa su cikin teku, ya saɓa igwar a kafaɗa, ya hau dutsen nan da ita bai ko tsaya shan iska ba. Da ya ajiye ta, sai ya ce, 'Wannan ta jikokina ce.' To ga jikan a gabanku."

Kowace shekara Turawan ƙaruwa suke yi, addar kuma tana ƙara tsawo. Saboda haka gari ya girmama shi da sunaye. Masunta suna ce masa Magajin Igwa. Matan da ke wankin sagu, garin cikin bishiya da ake tuƙawa a ci, a bakin rafi suna ce masa Bapa Hatimi. Shi duk ya karɓa da hannu biyu, don bai taɓa jin an kira shi da wani suna ya zaci ba yabo ba ne.

Abu ɗaya ne ya hana bawan Allah nan sakewa. An daɗe ana cewa ofishin yawon buɗe ido na gunduma zai kafa babban allo a bakin tashar Watulesi, mai hoto, don baƙi su san Tanjung Sorat. Bapa Muhdar ya riga ya ga allon nan a zuciyarsa: shi ne tsaye, farar kwat, hannu a kan igwa, ido a sararin sama, a ƙasa an rubuta Mai Gadin Tanjung Sorat. Yakan tsaya gaban madubi yana gwada tsayuwar, har matarsa Mama Saoda ta taɓa tambayarsa ko wuyansa ne ya sanƙare.

Ana nan sai lokacin sasi, wato hani na al'ada, ya zo. Tete Bakri, tsohon da ke shugabantar kewang, masu tsaron al'adar, ya kitsa ɗanyen ganyen kwakwa ya kafa a hanyar Tanjung Sorat. Kowa ya san ma'anarsa: daga ranar har a cire ganyen, babu mai ɗaukar wani abu mai rai daga wurin, babu mai taɓawa, ko ƙwai ne ko kifi ko ƙaguwa, sai kewang kaɗai. Aka taru gaban masallaci don sanarwa, kuma da an gama an watse lafiya, ba don Magajin Igwa ya miƙe ba.

"Jama'a! Tarbiyya ta lalace!" in ji shi. "Yanzu mutum ya keta sasi sai a ɗan ja masa kunne a ce ya share masallaci. Shara! A zamanin kakan kakana, abin da ka ɗauko shi ake rataya maka a wuya, a sa ka gaba da gangar tifa, a zaga da kai gari kana faɗar laifinka da bakinka. A dawo da wannan! Ko ɗan Bapa Raja ne, sarkin garin nan! Kai, ko ni ne!"

Aka yi tafi har da shewa. Tete Bakri ya sosa gemunsa, ya ce to, tunda gari ya yarda, an dawo da shi. Bapa Muhdar ya koma gida yana jin cewa ya ceci al'umma.

Sasi bai yi nisa ba sai ga jirgin kaya ya sauke wata mata mai hular rana da na'urar ɗaukar hoto a wuya. Ibu Marlina ce daga ofishin gunduma, ta zo ɗaukar hoton allon, kuma da yamma za ta bi jirgin ta koma. Kafin ta gama gaisawa da mutane, Bapa Muhdar ya riga ya shige kwat ɗinsa yana fama da maɓallin tsakiya.

"Bapa, ganye fa na tsaye," in ji Mama Saoda.

"Ke me kika sani? Sasi ya hana ɗauka. Ni kuwa ba ɗauka zan je yi ba, bayarwa zan je yi. Ilimi zan bayar."

Om Taher, ƙanen Mama Saoda, shi ya ɗauke su a kwalekwalensa mai inji. Tun daga tasha har gindin dutsen Bapa Muhdar bai rufe baki ba. Ya yi wa baƙuwa bayanin sasi dalla-dalla, ya gaya mata hukuncin da shi da kansa ya farfaɗo da shi, ya gargaɗe ta da zobe cewa ko tsuntsu ya faɗo mata a cinya kada ta kuskura ta taɓa. Ibu Marlina ta ce ta ji, ta ɓoye hannayenta a hammata.

Suka hau dutsen. Shi dai Tanjung Sorat a ranar ya yi kyau har ya wuce misali, teku shuɗi shar, iska na kaɗawa, kumfa na tashi daga ƙasa. Tsuntsaye kuwa da suka ga farin abu mai tumbi ya nufo sheƙunansu, sai suka tashi gaba ɗaya suna ihu, suna shawagi a kansa, suna sakin abin da Allah ya hore musu.

"Kin gani, Ibu?" in ji shi, yana goge kafaɗa. "Sun san jini. Duk wanda ba ɗan gidan nan ba, ko kallonsa ba sa yi."

"Gaskiya sun san ka sosai, Abang," in ji Om Taher daga nesa, don haka yake kiran mijin yayarsa.

Da suka isa igwar, sai Bapa Muhdar ya ɗora hannu, ya ɗaga haɓa, aka ɗauke shi hoto. Da ya tsaya nan da ya tsira. Amma ya lura baƙuwar ta fi mai da hankali kan tsuntsaye, abin ya sosa masa rai, nan take tarihi ya haifi sabon reshe.

"Akwai sirrin da ban taɓa gaya wa kowa ba," in ji shi. "Sunan kakan kakana a rubuce yake a cikin bakin igwar nan. Ido ba ya ganinsa. Yatsan magaji ne kaɗai ke iya karanta shi. Shirya na'urarki, Ibu."

Ya naɗe hannun kwat, ya zura hannu cikin bakin igwa har gwiwar hannu, ya lumshe ido yana murmushi. Sai murmushin ya tsaya. Sai idon ya buɗe. Sai aka ji wata ƙara da ta sa tsuntsayen kansu suka yi tsit. Ya fizgo hannu, ga wata ƙaguwar kwakwa ta biyo shi, ƙatuwa kamar kyanwa, baƙa mai shuɗi-shuɗi, ta damƙe zoben nan da babban hannunta. Zoben ne ya ceci yatsan, amma zoben ba ya fita, don yatsan ya daɗe da yi masa ƙiba. Ita kuma ƙaguwar kwakwa in ta riƙe abu, ba ta san wata magana wai saki ba.

"Taher! Cire ta! Cire min ita!"

"Ni? Abang, sasi ne fa. In na taɓa ta, ni ma a wuya za a rataya min."

"Ni ne na ba ka izini!"

"Ai kai ka ce ko kai ne."

"Ibu Marlina, don Allah!"

"Bapa, kai ka hana ni," in ji ta, hannu ɗaya a hammata, ɗaya yana ta danna na'ura.

Ya yi tsalle, ya yarfa hannu, ya roƙi ƙaguwa da girman Allah, ya yi mata barazana da gunduma. Ko gezau. Haka aka gangaro da shi, aka zaunar da shi a kwalekwale, ƙaguwa a cinyarsa tana motsa gashin bakinta, Om Taher yana tuƙi kafaɗunsa na rawa, wai sanyin teku ne.

A tasha kuwa gari ya taru, don shi da kansa ya aika a taru a tarbe su. Tete Bakri na gaba. Tsohon ya dubi mutum, ya dubi ƙaguwa, ya sake duban mutum.

"Muhdar, me ka ɗauko mana daga Tanjung?"

"Tete, ba ni na ɗauko ta ba. Ita ta ɗauko ni."

"To a cikinku wa ya shigo jirgi da ƙafarsa?"

Jama'a suka kwashe da dariya har wata tsohuwa ta zauna a ƙasa. Tete Bakri ya tsinko tsinken kwakwa, ya ɗan sosa wa ƙaguwar ciki, ta saki zoben a hankali. Ya ɗaure hannayenta da igiya, ya yi mata rataya, ya sa wa Magajin Igwa a wuya, ta sauka daidai kan tumbi. Kafin ka ce me, an fito da tifa.

Da farko kansa a ƙasa yake, abin tausayi, har Mama Saoda ta ji zuciyarta ta karye. Amma ganga ganga ce. Da ya ji kiɗa a bayansa, ya ga mata sun fito ƙofar gida, ya ga na'urar Ibu Marlina ta saita shi, sai kafaɗa ta fara tashi da kanta. Kafin a kai masallaci ya gyara kwat. Kafin a kai rijiya ya fara ɗaga wa mutane hannu.

"Jama'ar Watulesi!" yake cewa da muryar taro. "Ni, Muhdar, jikan mai igwa, na keta sasi! Ku duba girman abin da na keta shi da shi! Wa ya taɓa kama irinta da yatsa ɗaya?"

Aka zaga gari kaf, har aka ƙara zagaye ɗaya bisa roƙonsa. Daga nan kewang suka mayar da ƙaguwa gidanta cikin girmamawa, Ibu Marlina ta bi jirginta tana share hawayen dariya, Bapa Muhdar kuma ya gaya wa duk wanda ya tsaya cewa hotunan da aka yi masa a yini ɗaya sun fi na gwamna.

Bayan watanni allon ya iso, a naɗe cikin tamfol. Aka kafa shi a tasha. Magajin Igwa ya zo da kwat wankakkiya, ya tsaya a gaba, ya yi jawabi a kan tawali'u, sannan ya ba da izini a yaye.

Hoto ya yi kyau, ba ƙarya. Ga ƙaguwa a tsakiya, ta cika allo, kowace ƙafa ta fito sarai. A bayanta ga farar kwat, ga maɓallai na sheƙi, ga tumbi ya yi mata matashi. Daga haɓa zuwa sama kuwa babu, allo ya ƙare. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: Ku zo ku ga Mai Gadin Tanjung Sorat.

 Bapa Muhdar ya leƙa bayan allon, ko sauran nasa yana can. Ya dawo yana haki, ya sake duban allon daga ƙasa har sama.

Mama Saoda ta matso, ta kakkaɓe masa kafaɗa.

"Kada ka damu, Bapa," in ji ta. "Wallahi sun fitar da kai. Wajen da ba ka amfani da shi ne kawai suka yanke."